Da Motar Ta Tashi: Karatun "Lightseekers" Da Idon Mutumin Arewacin Yobe

Littafin binciken kisan kai, irin wanda aka gada daga su Arthur Conan Doyle da Agatha Christie, a kan alkawari ɗaya yake tsaye. Za a tsinci gawa a babin farko, a yi ta wasa da hankalin mai karatu, kafin shafin ƙarshe kuma wani mai ƙwaƙwaf zai tara mutane a ɗaki ya nuna wanda ya yi aika-aikar. Don wannan alkawari ake sayen littafin, don shi ake hana ido barci. Femi Kayode, marubuci ɗan Najeriya mazaunin Namibiya, ya buɗe littafinsa na farko, "Lightseekers", wanda ya fito a 2021, da abin da ya isa ya rushe alkawarin tun daga tushe. Kisan da ke cikinsa a bainar jama'a aka yi shi, aka ɗauka a wayoyi, duniya ta kalla a intanet. Fuskokin masu duka da na masu kawo tayoyi duk ga su nan a fili. To, me ya rage a bincika?

Ga labarin a taƙaice, ba tare da na ɓata wa wanda bai karanta ba. An kashe ɗaliban jami'a uku a wani ƙirƙirarren gari mai suna Okriki, kusa da Fatakwal, bayan an yi musu ihun ɓarayi. Mahaifin ɗaya daga cikinsu, Emeka Nwamadi, shugaban banki ne. Ya ƙi yarda cewa ɗansa Kevin ɓarawo ne, bai kuma gamsu da abin da 'yan sanda suka rubuta ba. Sai ya ɗauki hayar Dokta Philip Taiwo, masanin halayyar ɗan Adam da ya daɗe a Amurka yana nazarin yadda taron jama'a kan rikiɗe ya zama makashi, ya tura shi Okriki tare da wani direba mai suna Chika. Taiwo ba ɗan sanda ba ne, ba shi da bindiga, ba shi da ikon kama kowa. An biya shi ne ya gano yadda aka yi yaran suka faɗa hannun taron, da dalilin da ya sa gari guda ya tsaya yana kallo.

Duk wanda ya san Najeriyar 2012 zai gane inda marubucin ya ɗebo ruwa. Ranar 5 ga Oktoba na shekarar aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a ƙauyen Aluu da ke Ƙaramar Hukumar Ikwerre ta Jihar Ribas, aka cinna musu wuta, bidiyon ya zaga duniya. Sai a watan Yulin 2017 Babbar Kotun jihar ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa, cikinsu har da sajan na 'yan sanda, ta sallami wasu huɗu. Shekara kusan biyar ke nan, a shari'ar da shaidarta ke cikin wayar kowa. Kayode, wanda ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam kafin ya shiga harkar tallace-tallace, ya rubuta littafin ne lokacin da yake karatun rubutun ƙagaggun labaran laifuka a Jami'ar East Anglia ta Ingila, inda rubutun ya ci kyauta tun kafin a buga shi.

Ni mutumin arewacin Yobe ne, yankin da ya tashi daga Nguru ya bi ta Gashuwa ya dangana da tuddan rairayin Yusufari a bakin iyakar Nijar. Da wannan idon na karanta littafin, kuma abin da ya tsaya mini a rai bayan na ajiye shi ba ya cikin abubuwan da masu sharhin Turai suka yaba. Su sun yaba sarƙaƙiyar labarin da yadda aka zana Neja Dalta. Ni kuwa tambaya ɗaya ta hana ni sakat: ina iyayen sauran yaran biyu? An bincika mutuwar yara uku ne kawai saboda uban ɗaya yana da kuɗin jirgi da na otal da na ƙwararre. Da dukansu 'ya'yan masu sayar da kifi ne, da babu Dokta Taiwo, da babu littafi.

Abin da marubucin ya iya

Kafin in kai ga wannan, adalci ne a faɗi inda littafin ya yi ƙarfi. Mafi kyawun abin da ke cikinsa shi ne shirun gari. Taiwo ya isa Okriki ya tarar da mutanen da suka gaji da a riƙa kiran garinsu garin makasa. Kowa ya san wani abu, babu mai faɗa. Jami'in 'yan sandan garin bai yi murna da zuwan baƙon da zai tono abin da aka binne ba. Marubucin bai mai da mutanen dodanni ba. Ya nuna garin da 'yan ƙungiyoyin asiri na jami'a suka addaba da fashi da barazana, ya kai ƙara ya gaji, har ya yanke shawarar zama alƙalin kansa. Wanda ya taɓa zama a ƙauyen da aka kwashe wa shanu sau uku ba a kama kowa ba, zai fahimci wannan zuciya ko da ya tsani abin da ta haifa.

Na biyu shi ne Chika. A al'adar irin waɗannan littattafai, mai bincike kan samu mataimaki wanda aikinsa yin mamaki da tambaya. A nan an juya lamarin. Taiwo ne mai digiri, amma Chika ne ya san inda ake rage gudu da inda ake takawa, ya san wanda ake gaisarwa da hannu biyu, ya san lokacin da magana ta ƙare sai gudu. Duk ma'aikacin da ya taɓa raka babban jami'i daga Abuja zuwa duba aiki a karkara ya san wannan rabon aiki. Mai gida ke riƙe da takardar izini, direba ke riƙe da ran kowa.

Akwai kuma yadda littafin ya nuna ana hura wutar gaba tsakanin Musulmi da Kirista a garin ta shafukan sada zumunta, da sunayen bogi. Wannan ba ya buƙatar bayani ga mai karatun Arewa.

Inda na rabu da shi kuwa shi ne batun ɓoyayyen hannu. Tun farkon littafin ana katse labarin Taiwo da gajerun babuka na wata murya mai rikitaccen tunani, kuma mai karatu ya san wannan murya tana da hannu a abin da ya faru. Na gane dalili: dokar irin wannan rubutu ce, dole a samu mutum ɗaya da za a nuna da yatsa a ƙarshe. Amma abin ya rage wa taron nauyin laifinsa. Da zarar an ce akwai wani mai tabin hankali da ya kitsa komai daga bayan fage, sai masu jifa da masu zuba fetur su koma kamar kayan aiki. Abin da muka gani a zahiri ya fi haka muni. Ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato. A ƙarshen Maris 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar komawa Kano daga Jihar Ribas don bikin Sallah. Ƙungiyar Amnesty International, a rahoton da ta fitar a 2024, ta ƙirga aƙalla mutum 555 da irin wannan ɗaukar doka a hannu ta rutsa da su a cikin kusan shekara goma. Taron da ya yi waɗannan bai jira wani gwanin makirci ba. Ihu ɗaya ya ishe shi, da tabbacin cewa gobe babu wanda zai zo da littafin rubutu yana tambayar wa ya fara.

Hanyar Nguru zuwa Gashuwa

Mu ma muna da namu labarin, kuma ba ƙagagge ba ne. Daren Juma'a, 19 ga Agusta 2022, Sheikh Goni Aisami, malamin da duk Gashuwa ta sani, yana dawowa daga Kano a motarsa shi kaɗai. A Nguru wani soja ya roƙe shi ya rage masa hanya zuwa Jajimaji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, wadda ke tsakanin garuruwan biyu. Malam ya ɗauke shi. Kamar yadda rundunar 'yan sandan Yobe ta bayyana, da suka kusa Jajimaji aka tsaya, sai sojan ya harbe malamin da nufin tafiya da motar. Sai motar ta ƙi tashi. Ya kira wani abokin aikinsa ya zo ya taimaka, abin bai yiwu ba, har aka kai ga neman taimakon 'yan sintirin yankin, daga nan asiri ya tonu. Rundunar soja ta kori mutanen biyu daga aiki ta miƙa su ga 'yan sanda. A watan Disambar 2023 Babbar Kotun Jihar Yobe da ke zama a Potiskum ta yanke wa wanda ya yi harbin hukuncin kisa ta hanyar rataya, abokin nasa kuma ɗaurin shekara 10.

Idan aka auna da ma'aunin ƙasar nan, wannan shari'a ta yi sauri ƙwarai: ƙasa da shekara ɗaya da rabi daga kisa zuwa hukunci. Jami'an da suka yi aikin sun cancanci a yaba musu. Mutanen Gashuwa ma sun cancanci yabo, domin abin da ya faru ya isa ya tayar da garin, suka haɗiye fushi suka bar wa kotu. Wanda ya karanta "Lightseekers" zai san girman wannan haƙuri, tun da ya ga abin da rashinsa ya jawo wa Okriki.

Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: da motar ta tashi fa? Da gari ya waye an tsinci gawar malami a gefen titi, babu mota, babu shaida. Wa zai auna harsashin ya gano daga wace bindiga ya fito? Wa zai nemi bayanan kiran waya na wannan dare daga kamfanonin sadarwa, cikin kwana nawa kuma za su amsa? Wa zai samu ƙarfin halin shiga bariki ya nemi rajistar waɗanda suka fita da makami? Ko da jita-jita ce za ta cike gurbin, wannan ya ce 'yan Boko Haram ne, wancan ya ce 'yan fashi ne, wani ya ce saɓanin malamai ne, har a rasa wanda ba a zarga ba? Babban mai binciken da ya warware kisan Goni Aisami injin mota ne da ya ƙi amsa makulli. Mumini zai ce hukuncin Allah ne, kuma haka ne. Sai dai ba a gina tsarin shari'ar ƙasa a kan fatan motar kowane makashi za ta mutu.

Haka nan aka ga saurin shari'a a Kano kan kisan Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara biyar da aka sace a Disambar 2021, inda aka yanke wa mai makarantarsu hukuncin kisa a Yulin 2022. A can ma abin da ya tura fayil ɗin gaba shi ne idon duniya da ke kansa. Malami sananne, yarinyar da hotonta ya sa ƙasa kuka, ɗan shugaban banki a cikin littafi: su ne ake bincika wa.

Idan aka gangara Yusufari

Yanzu mai karatu ya bar kwalta ya nufi arewa da Gashuwa, zuwa Yusufari, ya wuce har ƙauyukan da ke tsakanin tuddan Tulo-Tulo da dausayoyin Bulatura, inda ake haƙar kanwa, ake yankan kaba, goruba da dabino ke tsaye a cikin kwari rairayi na matso su kowace shekara. Mu ƙaddara an tsinci gawar wani manomi a gonarsa bayan kaka, ko ta wani makiyayi a bakin burtali. Ba wani lamari na musamman nake nufi ba, misali ne na abin da kowa a yankin ya san yana iya faruwa.

Wanda zai fara zuwa ba ɗan sanda ba ne. Bulama ne da dangi da maƙwabta, kuma kafin a kai labari ga lawani, sawun mutum hamsin ya tattake wurin. Addini da zafin rana sun haɗu a kan a gaggauta sutura, saboda haka zuwa la'asar an binne. Idan za a yi binciken likita sai an ɗauki gawa an nufi babban asibiti, irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko asibitin koyarwa na Damaturu, kuma da wuya a samu dangin da za su yarda a yanka mamacinsu, balle su biya kuɗin mota. Wanda ake zargi, in yana da wayo, kafin dare ya tsallaka Nijar, domin iyakar ba ta da katanga, dangi ne a kowane ɓangare.

Ba wai yankin ba shi da masu bincike ba. Akwai mafarauta da makiyaya masu bin sawu, waɗanda za su dubi rairayi su gaya maka raƙumi nawa suka wuce, wanne ke ɗauke da kaya, wane mutum ne ke jan ƙafa. Wannan ilimi ne na gaske, irin wanda Sherlock Holmes ke burge Turawa da shi a takarda. Amma rayuwarsa gajera ce: iska ɗaya ta tashi, shafin ya goge. Kuma babu mai ɗaukar hoton sawun da ma'auni a gefensa yadda zai tsaya a gaban alƙali bayan shekara biyu.

Malamanmu na fiƙihu ma ba su bar matsalar ba. A mazhabar Malikiyya, wadda almajiran yankin ke karantawa a Risala da Muhtasar, akwai babin ƙasama: idan an kashe mutum babu cikakkun shaidu, amma akwai alama mai ƙarfi, kamar mamacin ya ambaci wanda ya sare shi kafin ya cika, sai magadansa su yi rantsuwa hamsin a kan wanda suke tuhuma. Hikimar a fili take, kada jinin mutum ya tafi a banza don kawai an kashe shi a inda babu kowa. Wato tun ƙarnoni da suka wuce an gane cewa gawar da ba a san makashinta ba barazana ce ga zaman gari. Abin da ya fi yawa a yau shi ne sulhu a gaban hakimi, a biya diyya ko a yafe. Sulhu ya kashe wutar da dama, ba na raina shi. Amma sulhu yana buƙatar a san ɓangarori biyu. Inda ba a san wanda ya yi ba, zargi kan faɗa kan jinsi guda, a ce Fulani ne ko a ce manoma ne, ramuwa kuma ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Okriki ke nan, an sauya mata suna da yanayi.

In kuwa an yi sa'a an kama wani, doguwar tafiya ta fara. DPO zai tura shi sashen binciken manyan laifuka a Damaturu. Laifin kisa, wanda sashe na 221 na kundin Penal Code ya tanadar wa hukuncin kisa, Babbar Kotu ce ke da hurumin sauraronsa, don haka majistare zai ajiye mutumin ne kawai a gidan gyaran hali har lauyoyin Ma'aikatar Shari'a su duba fayil su ba da shawara. Shaidu talakawa ne da za su bar gona su biya kuɗin mota sau biyar, sau huɗu a ce an ɗage. Jami'in da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki. Ba abin mamaki ba ne da kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran halin Najeriya jiran shari'a suke yi. A cikinsu akwai makasan da ba za a taɓa hukuntawa ba, akwai kuma marasa laifin da ba za a taɓa wankewa ba.

Teburin da fayil ke kwana

Da yawa daga masu karanta wannan shafi suna aiki ne a ma'aikatu da hukumomin tarayya, ko suna riƙe wa wani sanata ko minista jaka da jadawali. Ina ganin littafin ya fi shafar su fiye da yadda ya shafi mutumin Yusufari, wanda ba ya buƙatar littafi ya gaya masa halin da yake ciki. Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan. Ma'anarsa ita ce, man da ke cikin motar caji ofis na Yusufari, da kyamarar da babu, da horon da kofur bai samu ba, duk a Abuja ake rubuta su ko a manta da su.

Dokokin kuwa ba a rasa ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta yi tanadin a rubuta bayanin wanda ake zargi, a kuma iya ɗaukarsa a bidiyo, ta sa wa tsarewar jiran shari'a iyaka. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta duka don a amsa laifi. Dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda ta 2019 ta ware kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da ke shiga asusun tarayya don horo da kayan aiki. An sake dokar 'yan sanda gaba ɗaya a 2020. Tambayar da ta dace mai taimaka wa ɗan majalisa ya sa a bakin mai gidansa ranar kare kasafin kuɗi ita ce: daga cikin wannan kuɗi nawa ya zama abin ɗaukar zanen yatsa, nawa ya zama ɗakin gwaji, nawa kuma ya tsaya a motocin rakiya? Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin ƙwayoyin halitta ta DNA a 2017, aka lalata ta a tarzomar Oktoban 2020. Daga Legas zuwa Yusufari kuwa tafiya ce ta ƙetare ƙasar daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Kada kuma wani ya ɗauka muƙami kariya ne. Ranar 23 ga Disamba 2001 aka harbe Cif Bola Ige a ɗakinsa a Ibadan, yana Ministan Shari'a kuma Babban Lauyan Tarayya. Har yau babu wanda kotu ta tabbatar wa laifin. Ranar 13 ga Afrilu 2007 aka harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana jan sallar asuba a masallacin Ɗorayi a Kano, a gaban sahun mutane. Shekaru sun shuɗe ana ta faɗin ra'ayi, ba a ga hukuncin kotu ba. Idan fayil ɗin mai riƙe da ma'aikatar shari'a kansa ya kwana haka, daraktan da ke Garki ko Maitama ba shi da dalilin jin cewa shi daban ne da manomin Tulo-Tulo. Bambancinsu ɗaya, watakila iyalan darakta za su iya ɗaukar hayar nasu Dokta Taiwo.

Me ya sa ba mu da irinsa da Hausa?

Wani abin da littafin ya sa ni tunani shi ne adabinmu. Ƙagaggen labarin Hausa ya daɗe da sanin laifi. "Jiki Magayi" na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga littattafan farko na shekarun 1930, labarin ramuwar gayya ne. A 1982 aka buga "Turmin Danya" na Sulaiman Ibrahim Katsina kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da "Ƙarshen Alewa Ƙasa" na Bature Gagare mai cike da bindiga da ta'asa. Matasan Arewa na wancan zamani sun sha karatun James Hadley Chase har takardu suka yage. Yau ma marubutan adabin kasuwar Kano da na WhatsApp da Wattpad ba sa rowar kisa da guba da asiri.

Amma a yawancin waɗanda na karanta, mai karatu ya san mugun tun da wuri. Kishiya ce, ko baffa mai cin gadon marayu, ko alhajin da dukiyarsa ba ta da asali. Abin da ake jira shi ne ranar da alhaki, wanda Bahaushe ya ce kwikwiyo ne, zai bi mai shi: ya haukace ya tona wa kansa asiri, ko hatsarin mota ya sa ya yi ikirari a gadon asibiti. Jami'in da zai bi shaida ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga gaskiya baƙo ne a shafukanmu. A ganina marubutan ba gazawa suka yi ba. Suna rubuta abin da mai karatu zai yarda da shi ne. Ka rubuta aljani ya shiga jikin amarya, za a yarda. Ka rubuta sufeto a ƙauye ya killace wurin kisa da igiya, ya aika jini gwaji, sakamako ya dawo cikin mako, sai a ce ka cika ƙarya. Labarin Goni Aisami kansa, in aka duba, da salon littattafanmu ya ƙare: mota ta ƙi tashi, alhaki ya kama mai shi.

Kayode ya fuskanci wannan matsala shi ma, kuma hanyar da ya bi ta kauce mata ita ce ta fi komai fallasa halinmu. Bai iya sa ɗan sanda ya zama gwarzon labarinsa ba. Sai da ya ɗauko mutum daga Amurka, ya haɗa shi da attajirin da zai biya, sannan labarin ya tsaya da ƙafarsa. Duk da haka ina fata wani daga cikin matasan da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ko masu rubutu a Nguru, zai gwada. Kayan aikin suna nan zube: tsohon mai bin sawu da idonsa ya fara rauni, tashar jirgin ƙasan Nguru da ta kasance ƙarshen layin dogo daga Kano tun 1930, kasuwar dabbobi inda Barebari da Fulani da Hausawa da Badawa da mutanen Nijar ke cuɗanya, bulaman da ya san gaskiya amma 'yarsa na aure a gidan wanda ake zargi, da iskar hunturu da ke ba mai bincike awa kaɗan kafin ta share masa shaida.

Littafin yana da nasa rauni na rubutu. Wani lokaci marubucin kan tsaya yi wa baƙo bayanin abin da kowane ɗan Najeriya ya sani, kamar ɗaukewar wuta da shingen 'yan sanda, abin da ke nuna wa aka fara rubuta wa. Zargin da Taiwo ke yi wa matarsa Folake na cin amana ya ja tsawon da bai kamata ba, kuma babukan ƙarshe sun yi gudu har wasu zaren suka kuɓuce. Amma ana karanta shi a zauna biyu ko uku, Turancinsa ba mai wahala ba ne, kuma ya cancanci a fassara shi da Hausa.

A 2023 Kayode ya fitar da na biyu, "Gaslight", inda Dokta Taiwo ya koma aiki, wannan karon kan ɓacewar matar shugaban wata katafariyar coci a Legas. A can ma masu hali ne suka kira shi.